Kwale-kwalen Dufuna: Yadda ake gano shekarun abin da ƙasa ta binne

A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kusan mita 5. Da ya lura itacen sassaƙaƙƙe ne, sai ya sanar da hukuma.

Abin da ya gano shi ne kwale-kwale mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka, kuma ɗaya daga cikin mafiya tsufa a duniya. Masana sun ce ya kai shekara 8,000. Ke nan ya girmi babbar dalar Giza ta Masar da kimanin shekara 3,500.

Babu rubutu a jikin kwale-kwalen, babu kuma wani tarihin baka da ya kai wancan zamani. Shekarun nasa daga jikin itacen aka karanto su, ta hanyar gwajin da ake kira kabon-14.

Abin da aka tono

An kammala tono kwale-kwalen a 1994, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba da Peter Breunig. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kuma daga gungume guda na itacen dangin maɗaci aka fafe shi. Gabansa da bayansa masu tsini ne, an gyara su da kyau, alhali a zamanin ba a san ƙarfe ba. Wannan ya sa masanan suka fahimci cewa masassaƙansa gadon sana'ar suka yi, ba a kansa suka fara koyo ba.

Itace ba ya daɗewa a ƙasar nan, domin gara da ruɓa ba sa barin sa. Na Dufuna ya tsira ne saboda yana kwance cikin jiƙaƙƙen laka a kwarin Kogin Komadugu Gana, inda iska ba ta kai gare shi. Daga baya an ɗauke shi zuwa Damaturu domin adanawa.

Mene ne kabon-14?

Kabon sinadari ne da ke cikin jikin kowane abu mai rai: itace, ciyawa, dabba da mutum. Gawayi kusan zallar kabon ne. Mafi yawan kabon ba ya canzawa komai daɗewarsa, amma akwai wani nau'i ɗan ƙalilan, kabon-14, wanda yake lalacewa a hankali.

Ana samar da shi ne a can saman sararin samaniya, inda wasu haskoki masu ƙarfi da ke zuwa daga wajen duniya suke bugun iskar naitirojin su mayar da ita kabon-14. Daga nan ya gauraya da iska. Tsirrai su shaƙe shi, dabbobi su ci tsirrai, mutane su ci duka biyun. Yawansa kaɗan ne ƙwarai, kimanin ƙwayar zarra 1 a cikin tiriliyan 1 na kabon.

Muddin itace na raye, abin da ya lalace a jikinsa ana mayar masa da gurbinsa daga iska, don haka ma'auninsa yana nan daidai da na iskar. Ranar da aka sare shi kuwa, shiga ta tsaya, saura raguwa. Kuma raguwar tana da ƙa'ida: duk bayan shekara 5,730, rabin abin da ke nan yana gushewa. Zafi ko sanyi, damina ko rani, ba sa sauya wannan wa'adi.

A ɗauka ɗan kasuwa ya ajiye buhun gero mai tiya 40, kuma an san cewa duk shekara rabin abin da ke ciki yake zubewa. Bayan shekara ɗaya saura tiya 20, bayan biyu saura 10, bayan uku saura 5. Duk wanda ya zo ya auna ya tarar da tiya 10 ya san buhun ya shekara biyu a ajiye, ko da bai ga ranar da aka kawo shi ba. Haka lissafin kabon-14 yake, sai dai a maimakon shekara ɗaya, wa'adin shekara 5,730 ne.

Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Willard Libby na Jami'ar Chicago, shi ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940. Ya fara jarraba ta ne a kan abubuwan da aka riga aka san shekarunsu, ciki har da katakon kaburburan sarakunan Masar, kuma sakamakon ya zo kusa da abin da tarihi ya rubuta. An ba shi kyautar Nobel a 1960. A farko sai an ƙone babban yanki na abin da za a gwada. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka samu na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin kabon-14 kai tsaye, yanzu ƙwayar gero ɗaya da ta ƙone ta isa gwaji.

Abin da gwajin ya nuna a Dufuna

An aika gutsattsarin itacen zuwa ɗakunan gwaje-gwaje biyu a Jamus, ɗaya a Kiel, ɗaya a Kolon. Kabon-14 da ya rage a jikinsu bai wuce kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da ake samu a ɗanyen itace ba. Ɗaya gwajin ya ba da shekara 7,264, da ƙari ko ragin shekara 55. Ɗayan ya ba da shekara 7,670, da ƙari ko ragin shekara 110.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su a waɗannan alƙaluma. Na farko, gwajin ba ya faɗin takamaimiyar shekara, tsakani yake bayarwa, shi ya sa kowane sakamako ke zuwa da ƙari ko ragi. Na biyu, masana sun amince a riƙa ƙirga shekarun baya daga 1950, domin gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da aka yi bayan nan sun kusa ninka kabon-14 da ke cikin iska.

Na uku shi ne dalilin da ya sa ake cewa shekara 8,000 alhali gwajin ya nuna 7,000 da 'yan kai. Yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba a tsawon zamani, yakan ɗan hau ya ɗan sauka. Wato buhunan ba duka aka cika su da tiya 40 cif ba. Don gyara wannan, masana sun koma ga zoben da ke cikin gungumen itace, wanda a ƙasashe masu sanyi yake ƙaruwa ɗaya duk shekara. Sun jera irin waɗannan zobba na sama da shekara 12,000, suka auna kabon-14 na kowane zamani, suka fitar da jadawalin gyara. Da aka ɗora sakamakon Dufuna a kan jadawalin, sai ya faɗa tsakanin shekara ta 6500 da ta 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato shekara 8,000 zuwa 8,500 da suka wuce.

Wannan lokaci ya dace da abin da masana yanayin ƙasa suka gano ta wata hanyar daban. A wancan zamani ruwan sama ya fi na yanzu yawa, Tafkin Chadi ya mamaye sama da murabba'in kilomita 300,000, kuma tudun yashin da ya ratsa Maiduguri zuwa Bama tsohon bakin gaɓarsa ne. Kogunan da ke malala zuwa tafkin sun fi na yau cika. Kwale-kwale mai tsawon mita 8 a inda makiyayi ke haƙa rijiya yanzu shaida ce ta irin ruwan da yankin ya taɓa gani.

Inda gwajin ke da iyaka

Kabon-14 yana aiki ne kawai a kan abin da ya taɓa rayuwa: itace, gawayi, ƙashi, fata, ƙwayar hatsi, saƙa. Ba ya faɗin shekarun dutse ko zallar yumɓu. Idan abu ya haura shekara 50,000, ragowar ta yi ƙanƙantar da ba za a dogara da awonta ba. Haka kuma ranar mutuwar itace yake nunawa, ba ranar da aka yi amfani da shi ba. Tsakiyar tsohon gungume tana iya girmar ɓawonsa da shekaru masu yawa, kuma saiwar sabon tsiro ko wani datti da ya shiga samfuri yana iya karkatar da sakamako. Saboda haka masana ba sa gamsuwa da gwaji ɗaya.

Jihar Jigawa tana da misali na wannan iyaka. A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai zanen shanu a jikin duwatsu, kamar a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo idan an buga su. Launin da aka samo daga jar ƙasa ba daga abu mai rai ya fito ba, don haka kabon-14 ba shi da abin aunawa a cikinsa. Masana sukan kintaci shekarun irin wannan zane daga abin da aka zana. Shanun da ke jikin duwatsun marasa tozo ne, irin da aka yi kiwo kafin masu tozo su mamaye yankin. Wata hanyar ita ce tona ƙasan kogon a nemi gawayi ko ƙashi a shimfiɗar da masu zanen suka bar kayan aikinsu. Wannan kuwa sai idan ba a riga an birkita ƙasar ba.

Abin da gawayi ya ƙara wa tarihi

Littafin Tarihin Kano ya fara lissafin sarakuna daga Bagauda, wanda ake sanya hawansa a shekarar 999 Miladiyya. Gawayin da aka samu a wurin narka tama a Dutsen Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7, kimanin shekara 300 kafin nan. A yankin Nok kuwa, aikin da masanan Frankfurt suka fara a 2005 ya mayar da farkon al'adar mutanen wurin zuwa wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje a kan ƙonannun ƙwayoyin gero aka yi su.

Nok ɗin ta nuna irin asarar da ake yi. Masu tonon sata sun birkice wurare masu yawa suna neman mutum-mutumin yumɓu na sayarwa, suka watsar da gawayi da toka da fasassun tukwanen da ke kewaye da su. Mutum-mutumin yakan ƙare a kasuwar Turai, shekarunsa da labarin masu shi kuwa sun salwanta a bakin rami.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 ake ta haƙa harsashin gini da rijiyoyi da kududdufan ɗiban ƙasa a unguwanni irin su Yalwawa, ana kuma fasa duwatsu. Duk wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya, kashin maƙera, ƙasusuwa ko sassaƙaƙƙen itace a irin wannan aiki, abin da masana ke roƙo shi ne ya bar su a inda suke, kada ya wanke, kada ya shafa musu mai, kada kuma ya fito da jiƙaƙƙen itace rana domin tsagewa zai yi. Sai ya sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin ba da izinin tono da hana fitar da kayan tarihi waje ba bisa ƙa'ida ba. Tana da gidan tarihi a Gidan Makama da ke Kano, da kuma cibiya a Birnin Kudu.

Makiyayin Dufuna abin da ya yi ke nan. Da ya faskara itacen ya wuce da haƙarsa, da babu abin da ya rage na aikawa Kiel da Kolon.