Lord Elgin da Sassaƙe-sassaƙen Haikalin Fartenon

A cikin Turawan da suka shahara wajen tara kayan tarihin Girkawan dā, babu wanda sunansa ya jawo muhawara kamar Thomas Bruce, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Lord Elgin. An haife shi a Sikotilan a shekarar 1766. A 1799 gwamnatin Birtaniya ta naɗa shi jakadanta a Istanbul, fadar Daular Usmaniyya, wadda a lokacin ƙasar Girka take ƙarƙashin mulkinta.

Da farko nufin Elgin shi ne a zana masa tsofaffin gine-ginen birnin Atina, a kuma kwaikwayi siffofinsu. Don haka ya ɗauki wani mai zane ɗan Italiya, Giovanni Battista Lusieri, ya shugabanci aikin. Ginin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne haikalin Fartenon, wanda aka gina a kan tudun Akrofolis tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa. Ginin ya riga ya lalace ƙwarai tun 1687, lokacin da harbin mayaƙan Banis ya tayar da albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki.

A 1801 Elgin ya sami takardar izini daga hukumomin Usmaniyya, kuma daga nan aikin ya sauya. Ma'aikatansa suka shiga ɓamɓare sassaƙe-sassaƙen marmara daga jikin ginin, har da yanka wasu da zarto don rage musu nauyi. Sun kwashi kimanin mita 75 daga cikin mita 160 na jerin sassaƙen da ya kewaye haikalin. A 1802 jirgin ruwansa mai suna Mentor ya nutse da wasu daga cikin kayan kusa da tsibirin Kitira, sai da masu ninƙaya suka tsamo su.

Wannan sha'awa ba ta yi wa Elgin riba ba. Faransawa sun tsare shi daga 1803 zuwa 1806, aurensa ya mutu a 1808, bashi kuma ya yi masa katutu. Mawaƙin nan Lord Byron ya zarge shi da wawashe dukiyar Girka. A 1816, bayan binciken wani kwamitin majalisa, gwamnatin Birtaniya ta sayi kayan a kan fam 35,000, wato ƙasa da rabin abin da ya ce ya kashe, aka kai su Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan. Elgin ya rasu a birnin Faris a 1841.

Tushen gardamar da ya bari ita ce takardar izinin nan. Ba a ga ta asali ba, sai fassararta cikin Italiyanci, kuma masana sun saɓa a kan ko ta halatta cire duwatsu daga jikin gini. Masu kare Elgin suna cewa ya ceci kayan daga lalacewa. Girkawa kuwa suna cewa mai mamaya ba shi da hurumin bayar da gādon wata al'umma. A farkon shekarun 1980 ministar al'adu Melina Mercouri ta nemi a mayar da su, kuma a 2009 aka buɗe sabon Gidan Tarihin Akrofolis a Atina, inda aka jera kwaikwayonsu na farar ƙasa a guraben waɗanda suke Landan.