Diffa: mamatanmu da ba su shiga littafi ba



A al'adarmu ta bakin Komadugu, daga Maine-Soroa har Bosso, in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. A yi zaman makoki, a yi addu'a, a watse. Liman ya sani, bulama ya sani, amma littafin hukuma sau da yawa bai sani ba.

Abin yana da asali. Zamanin Faransawa ana ƙidayar mutane ne don a san masu biyan haraji, shi ya sa kakanninmu suka riƙa ɗari-ɗari da mai alƙalami. Bayan samun 'yancin kai, Nijar ta yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. An kafa dokar rajistar haihuwa, aure da mutuwa a 1985, aka sabunta ta a 2007, aka sake a 2019. Duk da haka, alƙaluman mace-macen ƙasar sun fi dogara da binciken gida-gida, irin na 1992, 1998, 2006 da 2012, inda ake tambayar uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rasu. Wannan ƙiyasi ne, kuma sai an jima yake fitowa.

Mu a Diffa mun ga amfanin rubutawa da idonmu. Bayan harin Boko Haram na 6 ga Fabrairu 2015, dubban mutane suka bar ƙauyukan bakin kogi suka zube gefen babbar hanyar kwalta, ga ƙarancin ruwa mai tsabta. A Janairun 2017, ma'aikatan asibitin uwa da yaro na Diffa suka lura mata masu ciki suna ta zuwa da ciwon shawara. Zuwa Afrilu aka tabbatar ciwon hanta ne nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwa, kuma yawancin waɗanda ya kashe masu ciki ne. Littafin asibiti ne ya tona shi, aka koma gyaran ruwan sha. To waɗanda suka cika a bukka fa, wa ya ƙirga su?

Jama'a, in an yi mana rasuwa, bayan jana'iza mu je ma'aikatar magajin gari ko wurin likita a rubuta sunan mamaci, shekarunsa da abin da ya yi ajalinsa. Takardar tana taimakon marayu wajen gado, kuma da ita ake gane inda ciwo ya ɓulla, a kai magani da wuri.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba Diffa lafiya.