Masu Maganin Shaye-shaye da Firgici: Daga Ina Suka Koyo Aikinsu?



Kwanakin baya wata maƙwabciyata a nan unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ta shigo mini da hantsi, ko tabarma ba ta bari na shimfiɗa ba ta ce, "Yaya, yaron nan ya fi ƙarfina." Ɗanta ne na fari, ya faɗa shan kodin da tiramol, har ya fara ɗauke mata kayan ɗaki yana sayarwa. Ta ce daga jiya zuwa yau mutum huɗu sun ba ta shawara huɗu. Gwaggonta ta ce a kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya, ƙanen mijinta ya ce gidan mari, wata ta ce a wuce da shi Kware, mai kemis kuma ya ce akwai allurar da zai yi masa. Sai na tambaye ta, "A cikin huɗun nan, wa kika san inda ya koyi aikinsa?" Ta yi shiru.

To, 'yar'uwa, mu da ko ɗinkin sallah za mu bayar sai mun bincika a hannun wa telan ya koya, yaya za mu miƙa ƙwaƙwalwar ɗa ba tambaya? Shi ya sa yau na ce bari mu bi tarihin masu wannan aiki, mu ga ta wace hanya kowannensu ya biyo.

Mu fara daga gida. Ƙasar nan tamu ta ga yaƙi. Birnin Kebbi ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1805, daga baya Kabawa suka kafa hedikwatarsu a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato kusan har zuwan Turawa. Duk inda aka yi haka kuwa, akwai matan da aka kashe mazansu a gabansu, da waɗanda aka kama aka kai gidan da ba su san kowa ba. In irin wannan mace ta daina barci, ko ta riƙa zabura tana ihu cikin dare, wa ke duba ta? A wancan zamani mutum biyu ne: 'yar bori da malami. Ita 'yar bori makarantarta girka ce, kuma galibi ita ma ciwo ne ya kai ta, ta warke, ta zama mai yi wa wasu. Shi malam ya yi allo, ya yi littattafai a gaban na gaba da shi, maganinsa rubutu da tofi da addu'a.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta lura da cewa mata da yawa wurin bori suke kai kukansu. Sai ta kafa tsarin 'yan taru, ta naɗa jajoji, wato dattijan mata masu amana da suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyuka su koyar. Ta kuma rubuta littafi da Larabci a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Ba na cewa jaji likita ce. Amma ki riƙe siffarta a ranki: tsohuwa ce da aka zaɓa, aka koya mata, kuma tana da wadda take komawa wurinta. Za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Da Turawa suka zo, abin da ya fara damunsu shi ne kada mahaukaci ya ta da hankalin gari. Aka buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, aka buɗe na Yaba a Ikko a 1907, aka kafa doka a 1916 wadda ta ba da ikon tsare mutum. A nan Arewa, da yawa a gidan yarin En'e aka riƙa ajiye su. Ke nan ma'aikacin gwamnati na farko da ya riƙa kula da mai ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasarmu gandiroba ne, abin da ya iya kuwa kulle ƙofa da sa mari. Ina ganin har yau ba mu gama rabuwa da wannan gado ba.

Yaƙin Hitila ne ya fara canza abin. An kwashi dubban samarinmu zuwa Bama, har Hausa ce ta zama harshen barikin soja. Wasu sun dawo jiki lafiya lau, amma hankali ba ya tare da su. A 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari a Lantoro da ke Abeokuta wurin jinyar irin waɗannan sojoji. A wannan tsakani ne aka samu nas na farko ɗan Nijeriya da ya ƙware a jinyar ƙwaƙwalwa, Abraham Ordia, wanda daga baya ya fi yin suna a harkar wasanni. Abin lura a nan shi ne nas ya riga likita zuwa, kuma har gobe shi ne mai kwana da majiyyaci.

Sai a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida. Ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, aka ba shi sabon asibitin Aro a Abeokuta. Ya zo a kan gaɓa, domin a 1952 aka fara amfani da lagatil a Faransa, maganin farko da ya iya kwantar da hauka mai tsanani ba tare da sarƙa ba. Amma abin da ya ɗaukaka sunan Lambo dabara ce ta gida. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba majiyyata masauki, kowane majiyyaci da ɗan'uwansa ɗaya, sau da yawa uwa ko gwaggo, tana dafa masa abinci tana rako shi asibiti da safe. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya suna aiki tare da shi, yana sa ido a kan abin da suke yi. Mutumin da ya yi karatu a Landan bai ga ƙasƙanci ba a zama da boka a tabarma ɗaya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2004.

Mu a wannan yanki abin ya daɗe bai iso mu ba. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ne asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Maiduguri da Kware suka zama na gwamnatin tarayya. Shi ya sa har yau in aka ce "an kai shi Kware" kowa ya san abin da ake nufi.

Shi kuwa maganin shaye-shaye ta wata ƙofa daban ya shigo. An daɗe a duniya ana ɗaukar mashayi a matsayin lalatacce kawai, likitoci ba su son ɓata lokaci a kansa. A 1935 a Amurka wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson mai dillancin hannun jari da Bob Smith likitan tiyata, suka gano cewa in suka zauna suna gaya wa juna gaskiya, kowannensu yana iya kai dare bai sha ba. Daga nan aka samu sabon ma'aikaci, wanda shaidarsa ita ce shi ma ya sha ya daina. A ƙasashe da dama yanzu ana ba irinsu horo a ɗauke su aiki. Kin ga ya yi kama da 'yar borin can da ciwo ya kai ta. A Nijeriya asibitin Aro ya buɗe sashe na musamman don masu shaye-shaye a 1983, aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Jami'anta asalin horonsu kamu ne da bincike, ko da yake hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Girman matsalar bai fito fili ba sai a 2018, shekarar da gidan BBC ya nuna yadda ake safarar maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Mace, 'yar'uwa. Wata matar aure ce a cikin ɗakinta, kwalba a ƙarƙashin gado. A gefe guda kuma, likitocin ƙwaƙwalwa da ƙungiyarsu ta ƙirga a shekarun baya-bayan nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200.

To su wane ne za ki tarar in kin je asibiti? Likitan ƙwaƙwalwa ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta gwajin aiki, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya ƙara kamar shekara biyar ko shida yana ƙwarewa a ƙarƙashin manya. Shi ke rubuta magani. Kada ki raina wannan doguwar hanya, domin raba jiki da ƙwaya yana da haɗari. Wanda ya saba da tiramol ko kodin in ya daina zai yi gumi, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, wanda kuwa ya saba da ƙwayar sa barci irin su baliyam in aka yanke masa ita dare ɗaya yana iya faɗuwa da farfaɗiya, har a rasa shi. Mai gidan mari bai san wannan ba, sai ya ce aljanin ne ke fita. Bayan likita sai nas, wadda ta gama makarantar jinya ta shekara uku ta ƙara horo na musamman a jinyar ƙwaƙwalwa. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda ba ya rubuta magani, aikinsa zama da majiyyaci ana tono abin da ya kai shi sha da abin da zai yi in sha'awar ta taso. Akwai jami'in jin daɗin jama'a mai bin yaro har gida ya sasanta shi da ubansa. A ƙauye kuwa malamin asibiti ne kawai, irin waɗanda ake yayewa a makarantar kiwon lafiya ta Jega, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa irinsu gane ciwon damuwa da shaye-shaye da sanin lokacin da za su tura mutum gaba.

Firgici kuma, wato ciwon da ke biyo bayan mutum ya ga tashin hankali, sai a 1980 likitocin Amurka suka ba shi suna a littafinsu, bayan sun ga halin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Mu rikicin Boko Haram ne ya tilasta mana koyo. Cikin waɗanda suka yi fice akwai mace, Dakta Fatima Akilu, wadda ta yi digirin digirgir a ilmin halayyar ɗan Adam a Ingila, ta yi aiki a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan ta kafa gidauniyar Neem a 2016. Da ta ga ƙwararru ba za su taɓa isa ba, sai suka riƙa horar da mutanen gari suna shiga unguwannin Barno a keke Napep suna sauraren mutane. Wannan magana ba ta nesa ba ce. A ranar 17 ga Yuni 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo. Mun yi murna, mun yi barka. Amma yarinyar da ta yi kusan shekara biyu a daji tana bukatar wanda ya san yadda ake tambaya ba tare da an fama ciwo ba, wanda kuma ba zai kai sirrinta gidan biki ba. Wannan ma koyon sa ake yi.

Ga jajin da na ce za mu sake haɗuwa da ita. A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da kakanni mata tun wajen 2006, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura wa nas. Da aka gwada tsarin aka ga waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. A Ibadan da Kumasi ta Gana kuma, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, sakamakon da suka buga a 2020 ya nuna majiyyatan sun fi warkewa in an yi aikin tare. Ni a ganina malamanmu masu ruƙiyya da uwayen gidanmu na Islamiyya za su iya wannan, in an koya musu, in kuma sun yarda akwai inda iliminsu ya tsaya.

Inda babu koyo babu mai sa ido kuwa, mun ga abin da ya faru. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan aka gano wasu gidajen a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su san wani wuri ba. A watan Janairu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci.

Maƙwabciyata dai asibiti ta kai yaron, malamin unguwa kuma yana zuwa yana yi masa addu'a. Ta ce da nas ɗin ya zo ɗaukar bayani sai ta cije ta tambaye shi, "Ɗana, don Allah ina ka yi karatun wannan aiki?" Ya yi dariya, ya lissafa mata makarantun da ya yi, ya ce shekararsa 11 yana aiki ita ce uwa ta farko da ta taɓa tambayarsa. Yaron ya dawo gida, ya sake sha sau ɗaya, sun koma. Ranar Talata mai zuwa ma suna da ganin likita.