Zangunan Sher Shah: Tarihin Wata Hanya a Indiya

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Matafiyin da ya tashi daga Kalkata a gabashin Indiya, ya bi tsohuwar hanyar da Turawa suka raɗa wa suna Grand Trunk Road, zai shaida haka. Zai baro masu jin harshen Bengali, ya ratsa Baranasi, birnin ibadar Hindu a bakin kogin Ganga, ya iske masallatan Delhi, sannan ya sauka Amritsar, cibiyar mabiya addinin Sikh. Harshe da abinci da sutura suna ta sauyawa, amma hanyar ɗaya ce. To, me ya sa ta iya ɗaukar waɗannan al'ummomi mabambanta tsawon ƙarnoni?

Hanyar ta girmi Musulunci da Kiristanci. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Ashoka ya sa aka rubuta a jikin ginshiƙan dutse cewa ya dasa itatuwa, ya haƙa rijiyoyi a gefen hanyoyi domin mutane da dabbobi. Amma wanda sunansa ya fi manne mata shi ne Sher Shah Suri, wanda ya karɓe mulki daga Humayun a 1540, ya rasu a 1545.

A cikin shekaru biyar kacal, Sher Shah ya gyara hanyar daga Bengal har kogin Indus. Marubucin tarihinsa, Abbas Khan Sarwani, ya ce ya gina zanguna 1,700 a hanyoyin daularsa. Abin lura shi ne tsarin zangunan. An ware masaukin Musulmi da na Hindu, kowa da mai ba shi ruwa da abincin da addininsa ya yarda da shi. Akwai masallaci da rijiya da masu gadi, da dawakin kai saƙon sarki. Idan aka yi wa bafatake fashi, dagacin yankin ne zai nemo ɓarawon ko ya biya dukiyar. Sher Shah bai nemi ya mai da jama'arsa iri ɗaya ba. Ya dai tanadar wa kowa inda zai kwana da mutuncinsa.

A 1947, lokacin da aka raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan, wannan hanyar ce ta ga ranar baƙin ciki. Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu. Musulmi suka nufi yamma, Hindu da Sikh suka nufi gabas, a ƙafa da amalanken shanu. Ayari ya riƙa gamuwa da ayari a Punjab, dubban ɗaruruwa suka halaka. Hanyar tana nan da faɗinta, amana ce ta gushe.

Yau tsakanin Amritsar da Lahore kimanin kilomita 50 ne, amma ƙofar iyaka ta Wagah ta datse tsakaninsu, kowace yamma sojojin ƙasashen biyu na sauke tuta a gaban 'yan kallo. Kabarin Sher Shah kuwa yana Sasaram, a jihar Bihar, tsakiyar wani tafki kusa da hanyarsa. Matafiyin da ya tsaya can zai gane cewa abin da ya riƙe hanyar nan shi ne tabbacin baƙo cewa zai kwana lafiya a zangon da ba na danginsa ba.