Kosakawan Kogin Don da Littafin da Ya Hana a Binne Shekarar 1919

A ranar 24 ga Janairun 1919, ofishin tsare-tsare na jam'iyyar Bolshebik a Mosko ya aika wa wakilansa na kudancin Rasha wata takardar sirri. Umarnin da ke cikinta bai bar wajen tawili ba: a karkashe masu hannu da shuni daga cikin Kosakawa, a hukunta duk wanda ya sa hannu wajen yaƙar mulkin Sobiyet, kai tsaye ko a fakaice, a ƙwace hatsi da makamai, a kawo talakawa baƙi a zaunar da su a ƙasar. Ba a cika wata biyu ba sai ƙauyukan sashen sama na Kogin Don suka yi bore. Shekara da shekaru tarihin hukuma yana bi ta gefen wannan bore, ko ya kira shi makircin attajirai da tsofaffin hafsoshin sarki. Inda ɗan Sobiyet zai iya karanta yadda abin ya faru, da abin da ya tura manoma ga ɗaukar makami, shi ne wani ƙagaggen labari mai juzu'i huɗu, wanda Stalin da kansa ya share wa hanya. Sunansa Tihi Don, wato Kogin Don mai gudu a natse, marubucinsa kuwa Mikayil Sholokov.

Kafin a fahimci littafin, sai an san su wane ne Kosakawa. Asalinsu mutanen bakin iyaka ne, waɗanda suka guje wa bautar gona da takurar masu mulki suka zauna a filayen kudu, suna zaɓen shugabansu da suke kira ataman. A hankali daular Rasha ta jawo su jikinta da wata yarjejeniya. Kowane namiji zai yi wa sarki aikin soja na shekaru masu yawa, ya zo da dokinsa da sirdinsa da takobinsa da kuɗin gidansu. Daular kuma ta bar musu ƙasa, ta ɗauke musu harajin kai, ta ƙyale su da majalisun ƙauyukansu. Saboda haka Bakosake manomi ne kuma barde, wanda kasonsa na gona ya rataya a kan takobinsa.

A nan matsalar take. Zuwa farkon ƙarni na ashirin, kusan rabin mazauna yankin Don ba Kosakawa ba ne. Manoma ne da masu sana'a, da yawansu 'yan ci-rani da suka zauna, suna hayar gona daga hannun Kosakawa, ba su da bakin magana a majalisar ƙauye. Da juyin juya halin 1917 ya zo da alkawarin raba ƙasa ga mai nomanta, sai baƙo ya ji an ce masa lokacinsa ya yi, Bakosake kuma ya ji an ce za a raba gadon da kakanninsa suka biya da jini. Ƙari a kan haka, ma'aikatan birane ba su manta da bulalar Kosakawa ba, domin su sarki ya tura su tarwatsa masu zanga-zanga a 1905. Ko su Kosakawan ba kansu ɗaya ba: na ƙasan kogi sun fi wadata, na sama sun fi talauci, matasan da suka dawo daga fagen daga kuwa sun gaji da yaƙi, sun gaji da hafsoshi.

Sholokov bai yi gaggawar kai mai karatu ga siyasa ba, kuma a ganina wannan ce babbar dabararsa. Kaso mai yawa na juzu'in farko rayuwar ƙauyen Tatarski ce kawai, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya: yankan ciyawa, kamun kifi da asuba, neman aure, faɗan surukai, uba mai zafin rai da ke mulkin gidansa da sanda. Girigori Melekov, saurayi mai jinin Turkawa ta wajen kakarsa, ya faɗa soyayya da Aksinya, matar maƙwabcinsu. Don a kashe abin kunyar, mahaifinsa ya aura masa Nataliya, 'yar wani mai dukiya. Marubucin bai yi wa wannan duniya kwalliya ba. Ana dukan mata a cikinta, ana ƙyamar baƙo, kuma labarin ya buɗe ne da yadda mutanen ƙauye suka yi sanadin mutuwar kakar Girigori bisa zargin maita. Amma kafin yaƙi ya iso, mai karatu ya riga ya san kowane gida, ya san wa ke bin wa bashi, wa ke jin haushin wa. Idan aka fara kashe-kashe daga baya, yana iya kiran sunan mai harbi da na wanda aka harba, ya kuma tuna ranar da suka yi kiwon dawaki tare.

Hanyar da Girigori ya bi tana iya rikita wanda bai san tarihin yankin ba. Ya yi wa sarki yaƙi da Ostiriya daga 1914, ya sami lambobin yabo, ya zama hafsa. A ƙarshen 1917 ya shiga sahun Jajaye, magoya bayan Bolshebik, ƙarƙashin Fiyodor Podtelkov, wanda mutum ne na gaske ba ƙirƙira ba. Da ya ga Podtelkov ya sa an sassare hafsoshin da aka kama ba tare da shari'a ba, sai zuciyarsa ta juya, ya koma gida. A watan Mayun 1918 ya tsaya a cikin taron da ya kalli yadda aka rataye Podtelkov ɗin, aka harbe mutanensa, abin kuma bai yi masa daɗi ba. Ya yi yaƙi a rundunar ataman Krasnov, wanda ya jingina da Jamusawa, sannan ya bar fagen daga ya tafi gida.

Masu sharhin Sobiyet na farko sun ɗauki wannan kai-komo a matsayin raunin hali, ko ruɗewar mai 'yar dukiya da ya kasa gane inda tarihi ya dosa. Amma abin da Girigori ya yi shi ne abin da dubban mutanen sashen sama suka yi. A hunturun ƙarshen 1918 zuwa farkon 1919, rundunoninsu sun watsar da Krasnov, suka buɗe wa Jar Runduna hanya, suna sa ran za a bar su su koma gonakinsu lafiya. Abin da ya biyo baya shi ne kotunan juyin juya hali, da jerin sunaye, da harbe dattawa. A cikin labarin, surukin Girigori yana cikin waɗanda aka ɗauka daga Tatarski aka harbe. A watan Maris bore ya tashi, cibiyarsa garin Veshenskaya. Abin lura shi ne masu boren ba su nemi a dawo da sarki ba. Sun ce suna tare da mulkin majalisun jama'a, abin da suka ƙi shi ne 'yan kwaminis da kisa da ƙwace. Jam'iyya ta dakatar da takardar nan ta Janairu a tsakiyar Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sun yi wata uku a kewaye, har zuwa watan Yuni da mahayan Farare, abokan gabar Bolshebik, suka fasa zobe suka iske su.

Daga nan ne littafin ya fi ciwo. Girigori, wanda ya jagoranci babbar runduna lokacin bore, ya tarar hafsoshin Farare masu ilimin makaranta suna kallonsa a matsayin baƙauye, suka rage masa muƙami. Da aka fatattaki Farare zuwa tashar jiragen ruwa ta Novorosisk a watan Maris na 1920, jiragen suka tafi suka bar dubban Kosakawa a bakin teku, har da shi. Ya shiga rundunar dawakin Jajaye ta Budiyoni, ya yaƙi Poland, yana fatan ya wanke laifinsa. Da ya dawo gida sai ya tarar shugaban kwamitin ƙauye shi ne Mishka Koshevoi, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya harbe yayansa Petro, kuma ya auri ƙanwarsa. Koshevoi bai yafe ba, bai kuma yarda ba. Girigori ya zama jemage, ba ya ga tsuntsu ba ya ga dabba. Ya gudu ya faɗa cikin 'yan tawayen daji, harsashi ya kashe Aksinya a hanyar tserewarsu, daga ƙarshe ya zubar da makamansa a kogi ya koma ƙofar gidansu, inda ƙaramin ɗansa ya rage masa.

Yadda aka yi irin wannan labari ya ga hasken rana a zamanin Stalin tarihi ne mai zaman kansa. An haifi Sholokov a 1905 kusa da Veshenskaya. Mahaifinsa ba Bakosake ba ne, yana cikin baƙin nan da aka ambata, kuma yaron bai wuce shekara goma sha huɗu ba lokacin bore. Mujallar Oktyabr ta buga juzu'i biyu na farko a 1928, marubucin yana da shekara ashirin da 'yan kai. Da aka zo juzu'i na uku, wanda ya ƙunshi boren, sai aka tsayar da bugu a 1929. Masu tace rubutu suka ce yana ba abokan gaba hujja. A 1931 Sholokov ya rubuta wa Maksim Gorki wasiƙa yana cewa sassautawa ma ya yi, domin ya bar abubuwa irin su harbe tsofaffi 62 a Migulinskaya ba tare da shari'a ba. Gorki ya haɗa shi da Stalin a wannan shekarar, Stalin ya yi masa tambayoyi, sannan ya ce a buga. Ana iya hasashen dalilinsa: a 1919 abokin hamayyarsa Trotski ne ke jagorantar Jar Runduna, don haka akwai wuyan da za a rataya wa laifi. Juzu'i na huɗu ya fito a 1940, kuma duk da matsin da aka yi, Girigori bai zama ɗan kwaminis ba. Aka ba littafin Lambar Stalin a 1941, marubucin ya karɓi Nobel a 1965.

Akwai tsohuwar gardama a kan ko shi ya rubuta littafin. Tun 1929 aka kafa kwamiti ya duba takardunsa ya wanke shi. A 1974 Solzhenitsin ya farfaɗo da zargin, ana ambaton Fiyodor Kryukov, marubucin Kosakawa da ya rasu a 1920. Binciken salon rubutu ta kwamfuta da Geir Kjetsaa ɗan Norway ya jagoranta ya karkata ga Sholokov, kuma a 1999 aka samo rubutun hannu na juzu'i biyu na farko, fiye da shafi 600 da hannunsa. Hujja ta fi ƙarfi a ɓangarensa. Abin da ke raya shakkun, a ganina, halin mutumin ne daga baya: wanda ya rubuta wa Stalin a 1933 yana kai kukan azabar da ake yi wa manoman Veshenskaya wajen karɓar hatsi, shi ne kuma ya tsaya a babban taron jam'iyya na 1966 ya nuna cewa hukuncin da aka yanke wa marubuta Sinyavski da Daniyel ya yi sauƙi. Mutane suna wahalar yarda cewa hannu ɗaya ne.

Mafi yawan abin da Sholokov ya sani game da boren daga bakin waɗanda suka yi shi ya ji. Babbansu shi ne Karlampi Yermakov, Bakosaken da ya jagoranci runduna a 1919, daga baya ya yi aiki a rundunar Budiyoni, kuma daga tarihin aikin sojansa aka ɗebo mafi yawan na Girigori. Sholokov ya riƙa zuwa wurinsa yana yi masa tambayoyi, har ya rubuta masa wasiƙa a 1926 yana neman ƙarin bayani a kan shekarar 1919. 'Yan sandan ciki suka kama Yermakov a farkon 1927, wasiƙar ta shiga cikin takardun tuhumarsa, aka harbe shi a watan Yuni na wannan shekara. Babin farko na littafin ya fito a watan Janairun 1928. Ba a wanke sunan Yermakov ba sai a 1989, shekara biyar bayan rasuwar Sholokov.