Asalin Ɗinkin Tangaran da Zinariya

A ƙasar Japan, in kwanon tangaran mai daraja ya fashe, ba a kai shi juji. Akwai masu sana'ar harhaɗa shi, su bi kowace tsaga da zinariya. Sunan sana'ar kintsugi, wato haɗi da zinariya. Ga yadda aka ce ta samo asali.

A ƙarni na 15 an yi wani sarkin yaƙi a birnin Kiyoto, ana ce masa Ashikaga Yoshimasa, ya rasu a 1490. Yana da wani koren kwanon shayi ƙirar ƙasar Sin, wanda yake ji da shi ƙwarai. Ran nan sai kwanon ya tsage. Ya aika da shi Sin a samo masa irinsa. Mutanen can suka ce yanzu ba mai iya yin kamarsa. Sai suka huda shi, suka ɗinke da ƙusoshin ƙarfe kamar yadda gyartai ke yi wa ƙwarya, suka mayar masa. In ka ga ƙusoshin sai ka ce fara ce ta sauka a kai. Kwanon yana nan har yau a gidan tarihi na Tokiyo, ana kiransa Bakohan.

An ce ganin wannan ɗinki ne ya sa masu sana'ar Japan suka nemi dabarar da ta fi kyau. Da ma tun zamanin kakanni suna liƙe tukwane da urushi, danƙon wata bishiya. Kuma sun iya barbaɗa garin zinariya a kansa don ado. Sai suka gama biyun.

Mai koyo da danƙon nan yake farawa, ba da zinariya ba. Bishiyar sai ta shekara goma ko fiye kafin a tsaga ta, abin da za ta bayar kuwa bai wuce kamar giram 200 ba. Ɗanyensa in ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Ana kwaɓa shi da garin alkama, a shafa a bakin fashin, a manne. Abin mamaki, rana ba ta busar da shi, sai laima. Don haka ake sa kwanon cikin akwati mai danshi, a jira kwana da kwanaki. A cike giɓi da danƙo da garin laka, a goge, a sake shafawa, a sake jira. Kwano guda yakan ci wata biyu ko uku.

Daga ƙarshe sai a ja siririn layi da jan danƙo. Kafin ya bushe a ɗebi garin zinariya da curin siliki, a riƙa dangwala masa a hankali. Waɗansu da haƙorin kifi suke goge shi har ya yi ƙyalli.

Mai kallo zinariyar yake yabo, amma danƙon da ke ƙarƙashinta shi ke riƙe da kwanon. Shi ya sa mai gaggawa ba ya koyon sana'ar nan.