Tarihin Jinyar Waɗanda Aka Yi wa Dashen Hanta

A shekarar 1963 ne Dakta Thomas Starzl ya fara gwada dasa wa ɗan Adam hanta a birnin Denver na Amurka, amma yaron ya rasu ana cikin fiɗa saboda zubar jini. Sai a 1967 aka sami wata ƙaramar yarinya da ta haura shekara guda da sabuwar hanta. Tun a wannan lokaci likitoci suka fahimci cewa aikin wuƙa somin taɓi ne kurum. Babbar wahala ita ce garkuwar jiki, wadda takan ɗauki hantar da aka dasa tamkar abokiyar gaba, ta far mata da yaƙi. Har ƙarshen shekarun 1970, wajen kashi 30 cikin ɗari kaɗai ke cika shekara.

Al'amarin ya sauya da zuwan cyclosporin, maganin da wani kamfanin Switzaland ya samo daga naman gwari. Roy Calne ya gwada shi a Kambirij a 1978, hukumar Amurka kuma ta amince da shi a 1983. Masu cika shekara suka kai wajen kashi 70. Daga bisani tacrolimus, wanda aka gano a Japan a 1984, ya zama shi ne aka fi amfani da shi.

To, amma masu iya magana sun ce ana maganin ƙaba kai na kumbura. Sa'ad da marasa lafiya suka soma daɗewa, sai aka ga magungunan nan suna taɓa ƙoda, suna haddasa hawan jini da ciwon sukari, kana danne garkuwa yana buɗe ƙofa ga sankara da cututtuka masu yaɗuwa. Shi ya sa jinyar ta zama ta muddin rai, watau shan magani kullum, da awon yawansa cikin jini, da duba ƙoda a kai a kai.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, wasu kuma sukan tafi Indiya a yi musu dashe. Dangi da ma'aikatar da suka biya kuɗin fiɗa, in ba su tanadi na magani da na awon jini bayan dawowa gida ba, majinyacin na iya rasa hantar da aka sha wahalar samo masa.